Faifan da na saƙa lokacin kulle

Jiya da yamma ina jera kwanuka sai hannuna ya kai kan wani ƙaramin faifai mai ja da kore, wanda bakinsa ya ɗan karkace ta gefe guda. Da shi nake rufe ƙwaryar fura. Kullum ina ɗaukarsa ina ajiyewa ban kula ba, amma jiya na tsaya riƙe da shi har 'yata ta tambaye ni ko lafiya. Ni na saƙa shi da hannuna a cikin azumin 2020, lokacin da aka kulle Daura, kuma shi ne faifai na farko da na taɓa saƙawa a rayuwata.

Ni malamar firamare ce. Da aka tabbatar da samun mai cutar korona na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, mu a nan mun ɗauka labarin nesa ne, abin mutanen da ke hawa jirgi. A ofishin malamai ma hira kawai muke yi da shi. Kafin ƙarshen Maris aka rufe makarantu, muka sallami yara muna ce musu sai bayan 'yan makonni. Da watan Afrilu ya kama sai abin ya shigo mana har cikin gari: wani likita ya rasu a nan Daura, gwaji ya nuna cutar ce, Allah ya jiƙansa. Ba a jima ba Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umarnin rufe ƙaramar hukumar, ba shiga ba fita. Garin da ko tsakar dare ba ka rasa jin ƙarar babur ya yi tsit, har kukan kurciya kake ji daga gidan maƙwabta.

Maigidan kuwa yana Kano. A Kantin Kwari yake sana'ar atamfa, yakan biyo hanyar Kazaure ya zo gida ƙarshen mako ya koma. Kulle ya rutsa da shi can, ita ma Kanon aka rufe ta, daga baya kuma aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi gaba ɗaya. Gidan ya rage daga ni, sai yara uku, sai Inna mahaifiyarsa, sai ƙanensa da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, wanda shi ma aka sallamo su gida.

Makon farko shi ne mafi muni, kuma waya ce ta mayar da shi haka. Ba na barci sai na ga alƙaluman masu cutar da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ke fitarwa da daddare, na duba nawa aka samu a Katsina, nawa a Kano. Daga nan na faɗa WhatsApp, wannan ya turo muryar wani yana rantsuwa cutar ƙarya ce, wancan ya turo haɗin tafarnuwa da lemon tsami, wani ya turo hoton maƙabarta. A lokacin ne ake ta maganar yawan mace-mace a Kano, ni kuma mutumina yana can. Sai na kira shi sau biyar a yini, in ya yi tari sau ɗaya a waya na kwana ban runtsa ba. Da rana kuma jiki ya mutu. Ga zafin bazara, ga wuta a kawo a ɗauke, ga yara sun rasa abin yi sai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na lura ina yi musu tsawa fiye da yadda na saba, ni da nake riƙe aji mai yara da yawa ban ɗaga murya haka ba.

Inna ce ta katse abin. Wata rana bayan azahar ina zaune bakin ƙofar ɗaki, waya a hannu, ta daɗe tana kallona daga gindin bedi inda take shimfiɗa tabarmarta. Can ta ce, "Malama, tun safe nake ganinki kina saƙa da warwara. In dai saƙar ce, taso ki yi ta a kan kaba, ko ba komai a samu abin rufe ƙwarya."

Na tashi don kunya, ba don ina so ba. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan, kullum ina ganin Inna da saƙarta, ban taɓa zama na duba yadda take yi ba. Da safe na fita makaranta, na dawo na shiga girki, da dare na yi makin littattafai. Gaisuwa da kai abinci da tambayar ƙafa, shi ke nan tsakaninmu, lafiya lau amma daga nesa-nesa.

Ta jawo wani tsohon kwano da ta jiƙa kaba a ciki tun safe, ta ce busasshiyar kaba ba ta lanƙwasuwa, karyewa take. Ta ɗauki guda ta sa farce ta tsaga ta siri-siri, tsagin duk kai ɗaya kamar an auna. Wasu ta riga ta rina su da galura, ja da kore. Sannan ta tattara 'yan siraran ciyawa ta murɗa su wuri guda, ta naɗe ƙarshen ya zama ɗan ƙulli kamar cibiya. Ta ce daga nan faifai yake farawa, kuma daga nan yake lalacewa: in cibiya ta yi sako-sako, duk abin da aka ɗora a kai ba zai zauna ba. Ta soka basilla, ta zura kabar, ta zagayo da ita kan ciyawar, ta ja har sai da na ji ta yi ɗan ƙara, ta sake sokawa dab da inda ta fito. Haka za a yi ta zagayawa, layi na kama layin da ke ƙarƙashinsa, ana ƙara ciyawa kaɗan-kaɗan don kaurin ya tafi daidai. Ta miƙo mini.

Na soki yatsana sau biyu a ranar. Na ja da ƙarfi kabar ta tsinke, na ja a hankali ta yi lam. Inna ba ta karɓa ta gyara mini ba, sai dai ta ce, "Warware, sake." Da aka kira la'asar na ɗaga kai, na ga awa biyu sun wuce ban taɓa waya ba, kuma abin da ya tokare mini ƙirji tun safe ya sauka. Abin da na saƙa bai fi faɗin bakin kofi ba.

Ban san yadda masana za su bayyana shi ba, ni dai abin da na gani shi ne aikin da ke buƙatar ido da yatsa a lokaci guda ba ya barin wuri ga tunani. Kallon talabijin bai yi mini haka ba, don ido na kan allo zuciya na Kano. Saƙa kuwa in hankalinka ya tafi, basilla ce za ta dawo da kai.

Daga ranar na fara gyara yinin gidan, kuma ban tsara wani jadawali a takarda ba, salloli biyar na bi. Na gane gundurar da ke damunmu ba rashin abin yi ba ce kawai, yinin ne ya zama ba kai ba gindi, safiya da yamma duk ɗaya. Da aka ce bayan asuba ga abin da ake yi, bayan la'asar ga abin da ake yi, sai yara suka daina tambayar "yanzu me za mu yi?"

Bayan asuba karatu. Makarantar allo da Islamiyya duk a rufe, don haka ƙanen maigidan, wanda yara ke kira Baba Ƙarami, ya zama malaminsu, ni kuma na ɗauki lissafi da Turanci in hantsi ya yi. Da tawada ta ƙare babu inda za a saya, Inna ta sa aka kankaro baƙin gindin tukunya, aka haɗa da ƙaro, aka dafa da ruwa kaɗan har ya yi kauri. Babban ɗana ya feƙe alƙalami da kansa. Ranar da ya rubuta allonsa da tawadar da ya ga an haɗa a gabansa, bai yarda kowa ya taɓa masa ba. Lissafi kuma da wake muka yi shi, da murafun kwalba, da kuɗin cefane na gaske: in mudun gero kaza ne, muna cin mudu kaza a mako, nawa za mu kashe? Yarinyar da a makaranta take ɓoye fuska in an zo rabawa, a tsakar gida ta iya, don babu wanda zai yi mata dariya.

Lambu kuwa dole ce ta kawo shi. Kayan miya sun yi wuya, masu kawowa daga ƙauye ba sa samun shigowa. Muka nemo tsofaffin buhunan shinkafa guda shida, muka huda gindinsu, muka cika da ƙasa da takin awaki, muka jera a jikin katanga inda inuwa ke sauka da rana. Inna tana da iri a ƙulle cikin tsumma, alayyafo da yakuwa da kuɓewa. Ruwa ma sai da dabara, don masu ga-ruwa sun ragu, saboda haka ruwan alwala da na wankin shinkafa ba a zubarwa, a bokiti ake tarawa. Kowane yaro da buhunsa biyu. Autana, ɗan shekara biyar a lokacin, da ya buɗe ido yake rugawa ya duba ko nasa ya tsiro, ranar da ya ga kore ya leƙo sai da ya tashi gidan duka. Alayyafo bai cika wata ba muka fara tsinka.

Ina so in faɗi wani abu a nan don kada a ɗauka kowa gundura ce ta dame shi. Mu da muke maganar rasa abin yi, muna da hatsi a ɗaki ne, kuma albashi na shigowa. Maƙwabciyarmu mijinta ɗan acaba ne, abin da ya samo da rana shi ake ci da dare. A gidan irin wannan, kulle ba zaman hutu ba ne, yunwa ce. Wata rana na ji yaranta na kuka ta bayan katanga, na san ba kukan faɗa ba ne. Tun daga ranar kwano ke haurawa ta kan katangar nan, kuma ba mu kaɗai ba, gidaje da yawa a unguwar haka suka yi. Ta hanyarta ne kuma aikin takunkumi ya samu. Ina da keken ɗinki Butterfly na kayan aurena da ya daɗe a rufe, ga ragowar ƙyallayen atamfa da maigidan ke kawowa sun cika jaka. Ni ban ƙware ba, ita kuwa ta iya ɗinki amma ta sayar da nata keken tuntuni. Na goge shi, na ɗiga masa mai, na canza allura, Baba Ƙarami ya ɗaga shi ya miƙa ta katanga. Ni da 'yata muke yanka ƙyalle, ninki biyu zuwa uku, mu miƙa mata, ita ta ɗinka ta sa roba. Da aka fara sassautawa ana cewa kowa ya rufe hanci da baki, mijinta ya riƙa fita da su yana sayarwa. Ƙarar keken nan ta bayan katanga tana cikin abubuwan da suka fi kwantar mini da hankali a watannin.

Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, filin na Baba Ƙarami ne. Shi ma da farko waya ta cinye shi, har sai da kuɗin data suka gagara. Ya tona ramukan dara talatin a ƙasa kusa da zaure, layi biyar gida shida-shida, ɗaya ya ɗauki tsakuwa goma sha biyu ɗaya ya ɗauki karare goma sha biyu. Ya koya wa babban yadda ake jerawa, yadda ake haɗa uku a layi a ci na abokin wasa, da yadda ake toshe masa hanya. Cikin mako biyu yaron ya fara cinye shi. 'Yar tawa kuma carafke ta koma yi da 'yar gala-gala, ta zana gidajenta da gawayi a kan siminti. Ban sayi abin wasa ko na sisi ba a duk zaman.

Amma abin da na fi riƙewa shi ne dare. In an ɗauke wuta, ɗaki ba ya shiguwa don zafi, sai mu fito da tabarmi tsakar gida. Inna ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa, "Ta zo mu ji ta." Na yi mamakin yadda yaran da suka saba da katun suka nutsu ga Gizo da Ƙoƙi. Wani dare ta ba su labarin rijiyar Kusugu, wadda suke wucewa ta kusa da ita ba su taɓa tambaya ba: macijin da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, zuwan Bayajidda cikin dare, tsohuwar da ta sauke shi, kashe macijin, da aurensa da sarauniya Daurama. Ta lissafa musu Hausa Bakwai da yatsu, Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram. Auta ya yi shiru, can ya ce, "Inna, ashe su ma an taɓa kulle su." Inna ta yi dariya har da tari, ta ce ƙwarai kuwa, kuma ga shi rijiyar na nan ana sha.

Wannan maganar ce ta buɗe bakinta ga abin da ban taɓa ji ba. Bayan yara sun yi barci muka ci gaba da zama, ni da faifaina a cinya ko da ba na ganin saƙar. Ta ce wannan ba shi ne karo na farko da ta ga an ware mutane saboda ciwo ba. Tana yarinya a ƙauyensu, in agana ta kama mutum, bukka ake yi masa a bayan gari, a kai abinci a ajiye daga nesa, wanda ya taɓa yi ya warke shi ke jinyarsa. Ta ce yayarta ta tafi a haka, ba ta ƙara ganinta ba. Ta kama hannuna ta ɗora a kan dantsenta na hagu, na shafa wani ɗan tabo mai zagaye. Lamba ce, ta ce, da masu allura suka zo gari-gari suka yi musu, mutane na gudu suna ɓoye yara a rumbu, ubanta kuwa ya jera nasa a gaba. Ni a littafi na karanta cewa an ayyana kawar da agana daga duniya a 1980, ban san tarihin yana kwance a dantsen matar da nake kai wa tuwo kullum ba. Ta kuma tuna mini sanƙarau na 1996, wanda ni ma na ɗan riska, yadda aka hana cunkoso a ɗaki aka koma kwana a waje. Sannan ta kawo hadisin nan da kowa ya sani, cewa in an ji annoba a wata ƙasa kada a shige ta, in kuma ta ɓarke kana ciki kada ka fita. Ta ce, "To shi ɗan nawa yana inda aka ce ya zauna, ke ma kina inda aka ce ki zauna. Ki bar kiran nan sau biyar, kina tayar masa da hankali." Na rage zuwa sau ɗaya, bayan isha, kuma na daina jiran alƙaluman dare. Da safe nake ji a rediyo, sau ɗaya, in kashe.

Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, muna ciki. Ban taɓa ganin azumi irinsa ba. Tafsirin da ake cika masallatai dominsa ya koma rediyo da Facebook, sai mu ajiye rediyon a kan turmi mu kewaye shi, hannu na aiki kunne na saurare. Tarawihi a tsakar gida muka riƙa yi, Baba Ƙarami na ja, mu muna baya. Ni da na saba sauka ɗaya da ƙyar saboda aiki, a wannan shekarar na yi biyu. Da azumi ya kai goma yara suka tayar da rigimar tashe, don sun san lokacinsa ne kuma ba fita. Inna ta ce a yi a gida. Babban ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya ɗauki sandar Inna, ƙannensa na biye suna amshi, suka bi ƙofa-ƙofa: ɗakina, ɗakin Inna, ɗakin Baba Ƙarami, har bakin katanga inda yaran maƙwabta suka leƙo suna tafi. Kowa ya ba su abin da ya samu, dabino, alewa, naira goma. Na ɗauki hoton bidiyo na tura wa babansu, ya kira yana dariya, daga baya muryarsa ta canza ya ce zai sake kira.

Sallah ta zo ranar 24 ga Mayu. Duk wanda ya san Daura ya san abin da Sallah take nufi a nan, dawakai da algaita da bindigogi, mutane maƙil a ƙofar fadar Mai Martaba Sarki Umar Faruk Umar, baƙi daga ko'ina har daga Nijar. A wannan shekarar ba a yi hawa ba. Na yi wa 'yata lalle da kitso, yara suka sa sababbin kaya suka zagaya tsakar gida, muka yi miyar alayyafo daga buhunanmu. A daren ne na kai bakin faifaina. Rufe baki shi ne mafi wuya, sai an rage ciyawar a hankali har ta ɓace cikin layin ƙarshe, ni kuwa na yi gaggawa ta gefe guda. Na ce zan warware, Inna ta karɓa ta juya shi a hasken fitila ta ce a'a, wannan a bar shi haka.

Sai a farkon Yuli aka buɗe hanyoyin jihohi. Maigidan ya iso da la'asar, damina ta riga ta sauka, kuɓewarmu ta fi auta tsawo. Bai shigo kai tsaye ba, a zaure ya tsaya aka kai masa ruwa da sabulu, ya wanke hannu ya canza riga, yara na tsalle daga nesa ina riƙe da su. Da ya zauna a gaban Inna ya gaishe ta, na kawo fura na ajiye. Ya kai hannu zai buɗe, sai ya tsaya yana duban murfin, ya ce, "Inna, wannan ba saƙarki ba ce."

Ta ce, "Ta Malama ce. Sha furarka, ƙuda bai shiga ba."